Bangon da Bai Kai Rufi Ba

Agadez, ranar Lahadi da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da abokan aikinki na gidan likitar Tchirozérine, da marasa lafiyar da ke hannunki, Allah ya ba su sauƙi. Allah ya tsare ki a zaune, ya tsare ki a kan hanya, ya kawo mini ke gida da ƙafafunki. Mu nan lafiya lau. Babanki yana gaishe ki. Ga shi can a inuwa yana kallona, yana zaton sunayen matan da za a gayyata nake rubutawa, ni kuma ban gyara masa zaton ba.

Za ki ce me ya kai Inna ga takarda alhali ga salula. Kin san halina. In muka fara magana sai ta koma ciniki, ki taya, in ce albarka, mu rabu ba a saya ba, ba a sayar ba. Takarda kuwa ba za ki katse ta ba, sai dai ki yage ta, kuma na san son jin ƙarshen zance ba zai bar ki ba, don a wurina kika gado shi. Lakkwal ɗin boko da na yi har CM2, ajin ƙarshe na firamare, yau ga ranarta.

Shekaranjiya kin ce mini ba za ki tare ranar Alhamis ba sai mijinki ya ɗaga bangon nan da ke tsakaninku da maƙwabta har ya taɓa rufi. Kin ce ya yi miki alkawari tun kafin ɗaurin aure, ga shi har yau bai kira maso mai gini ba, in kin tambaye shi sai ya ce ki yi haƙuri. Kin ce mutumin da ya fara da saɓa alkawarin bango ba ki san da me zai ƙare ba. Na ji ki. A kan wannan bangon nake rubutu.

Da farko ki sani na je na ga gidan. Ni da ba na sayen buhu sai na zura hannu har gindinsa, ta yaya zan kai ɗiyata inda ban leƙa ba? Na yafa mayafi na bi hanyar Arlit har bayan tashar kamiyo ta manyan motocin kaya, na yi tambaya, aka ce mini: "Tsohuwar mangazar tayoyi? Ga ta can, mai ƙofar ƙarfe." Wallahi, Rakiya, wannan babban ɗakin ajiyar kaya ya ɗauke mini hankali. Ƙofa ce wadda kamiyo biyu za su shiga kafaɗa da kafaɗa, amma an yanka wata ƴar ƙarama a jikinta, wadda duk mai shiga sai ya ɗaga ƙafa ya sunkuyar da kai, kome girman rawaninsa. Na so wannan. A ƙasa akwai layukan fenti ruwan ɗorawa, har yanzu ba su goge ba, na bi ɗaya da ƙafa don in ga inda zai kai ni, sai ya kai ni kicin ɗinki. Sama can ga ƙugiya da sarƙa, wadda da ake ɗaga inji da ita, yanzu fitila ce a rataye. Kuma wancan ɗakin katako da ke bisa ƙafafun ƙarfe, mai tagogin gilashi ta ko'ina, an ce biro ne na mai tsaron kaya, daga nan yake leƙen leburori kada su fita da taya. Shi aka mayar ɗakin amarya! Na hau tsanin ina haki, na tsaya na duba ƙasa, na ce a raina, lallai daga nan ba mai taɓa tukunyar Rakiya ba ta gani ba.

Ina da tambayoyi, ki ba ni amsa in kin zo. Hayaƙin girki ta ina zai fita? Dogon ramin nan da aka rufe da katako, inda makanikai ke shiga ƙarƙashin mota, wa ya ce a bar shi? Na ɗaga katako ɗaya na ji sanyi ya bugo ni, randa za ta ji daɗin wurin, amma ranar da Allah ya ba ku mai rarrafe sai a sa masa murfi mai nauyi. Mabuɗin babbar ƙofa yana hannun wa, cikin gida ukun da aka yanka a ciki? In an yi suna, maza a ina za su zauna? Kuma wa ya koya wa yaran yanzu cewa bango ba fenti ado ne? Waɗannan duk son sani ne, ba suka ba.

Na ga bangon kuma. Ya fi tsayin mutum da kamu biyu, daga nan sai sarari har tol, wato kwanon rufi. Ina tsaye ina kallonsa sai na ji gyaran murya daga wancan gefe, sannan wata mace ta ce: "Sannu da zuwa, baƙuwa. Akwai mutum a nan." Ba ta tambaye ni ko wace ce ba. Ki riƙe wannan. Mace da ke sanar da ke cewa tana jin ki tun kafin ki buɗe baki, ba a samun irinta a kowace kasuwa.

To, abin da ba ki sani ba sosai shi ne ni ma a mangaza na fara aure. Kin sha jin ana cewa "lokacin da muke gidan gishiri", kina zaton suna ne kawai. Mangaza ce ta gaske, kusa da kasuwar dabbobi, inda wani attajiri ke tara kantun gishiri da dabinon da ayari ke kawowa daga Fachi. Da ya rasu magada suka yanka ta gida huɗu da bangon ƙasa, kowane bango iyakarsa inda hannun maso ya kai ba tare da tsani ba. Babanki yana aikin gawayi a Anou Araren a lokacin, yana zuwa ƙarshen mako. Shekara tara muka yi a ciki.

Kuskurena na farko, ban tambayi abin da aka ajiye a wurin ba. Wato na sani, amma ban tambayi abin da gishiri ke yi wa daɓe in ya shekara talatin a kai ba. Na jera gadona na ƙarfe, na jera kwanonina na aure a ƙasa, reras, mata na zuwa kallo. Da damina ta zo, ɗan ruwan nan namu da bai kai ya kawo ba, sai bango ya fara gumi. Daɓe ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Kafin shekara ta zagayo ƙafafun gadon sun ruɓe, wata rana da azahar na zauna a kai da baƙuwa sai muka tafi ƙasa mu biyu, ita da kofin shayi a hannu. Kwanonin kuwa duk gindinsu ya huje. Awakin unguwa kullum suna bakin ƙofarmu suna lasar bango, har wani raƙumi ya taɓa zuro kai ta taga. Saboda haka, ɗiyata, mangaza ba ta manta kayanta. Taku na shaƙa, na ji warin man gazuwal da roba. Kada ki ajiye buhun gero ko shinkafa a ƙasa, zai ɗauki warin, ki sa a yi miki dakali na katako. Kada ki hura gawayi kusa da inda daɓe ya yi baƙi. Ki nemi tsohon da ya yi aiki a wurin, ba za a rasa ɗaya a tashar kamiyo ba, ki aika masa da goro, ki tambaye shi wane lungu ne ruwa ke zuba, wane lungu ne suke gudu. Zai gaya miki a zama ɗaya abin da ni sai da gado ya karye na sani.

Wannan ƙarami ne. Ga babba.

Bayan bangonmu na gabas akwai wata Babarbariya, mutuniyar Fachi, muna ce mata Ya Falmata. Ta girme ni da kamar shekara goma. Mijinta shi ke saukar da mutanen ayari, shi ke fara sanin labarin hanya. Ni kuma lokacin na fara ƴar sana'ar dabino a faranti. Ba a yi wata biyu ba na gane cewa in na zauna a wani wuri, jikin bango, daidai inda nake tsintar shinkafa, maganar ɗakinsu tana faɗo mini kamar an zubo ta da mazurari. Tol ne ke yin haka, magana ta hau ta bugi rufi ta sauko. Da farko nishaɗi ne. Na san ranar da suke cin nama, na san sunan da yake kiranta da shi in ba kowa. Shinkafata kuwa ta zama mafi tsabta a Agadez, don kullum ina tsinta.

Wata safiya na ji wani baƙo yana gaya wa mijin cewa ayari zai makara, raƙuma sun sha wahala a hanya, sai an ƙara mako uku. Mijin ya ce kada a faɗa wa kowa tukuna. Ban ko gama tsintar ba. Na ɗauki mayafi na zaga kasuwa, duk mai tsohon dabino na saye, suna murna sun rabu da kaya. Da labari ya fito dabino ya yi tsada, kuma a hannun wa yake? A hannun innarki. Daga nan na tashi daga faranti na koma rumfa. Mijin Ya Falmata kuwa mutanensa suka zarge shi da sakin baki, wasu suka sauya masauki.

Kwana kaɗan bayan haka muka haɗu da ita a bakin famfo. Ta dube ni, ta yi murmushi, ta ce: "Zeinabu, Allah ya sa albarka a rumfa. Kunnenki ya fi ƙafarki sauri."

Na ce: "Ya Falmata, sa'a ce kawai."

Ta ce: "I, sa'a. Tana zama jikin bango, ko?" Ta ɗauki tulunta ta tafi. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ba ta fasa gaishe ni ba.

Ki ji ni da kyau, Rakiya. Abin da ya tsallako bango ba naki ba ne. Kamar kazar maƙwabta ce da ta faɗo gidanki, ba a yanka ta, ba a kuma kai ta kasuwa. Ke ma'aikaciyar likita ce, an koya miki riƙe sirrin marar lafiya, to ki ɗauka duk wanda ke ƙarƙashin rufin nan marar lafiyarki ne. Kada ki kai wa mijinki, kada ki kawo mini, ko da na tambaye ki. Kuma zan tambaye ki, na san kaina. Ki ce mini: "Inna, ban ji ba."

Abin da wannan ya jawo mini shi ne, tunda ni ina saurare, sai na tabbata kowa ma saurarena yake. Na fara magana ƙasa-ƙasa a ɗakina kamar ɓarauniya. Sai kuma aka rage ma'aikata a wurin aikin babanki, sunansa ya fito a ciki. Ya dawo gida ya zauna. Mutumin da na saba gani kwana biyu a mako, ga shi kwana bakwai, ba aiki, ni kuma rumfa tana ci gaba, kaina yana ƙara girma. Muka fara faɗa. Ba duka ba, babanki bai taɓa ɗaga mini hannu ba, cacar baki ce, a kan shayi, a kan wa ya bar ƙofa a buɗe, a kan ba komai.

Sai na lura da wani abu. Duk lokacin da muryarmu ta fara tashi, sai Ya Falmata ta fara daka. Ba dakan hankali ba, dakan da ke sa tol ya amsa: dum, dum, dum. Ko da hantsi ne, ko ana tsakiyar zafin azahar da ba mai daka. Sai ka kasa jin abin da kai kanka kake faɗa. Babanki ya buɗe baki, dum. In buɗe nawa, dum. Sau da yawa sai mu tsaya muna kallon juna, shi ya ja tsaki ya ɗauki buta ya fita, wani lokaci ma dariya ta kama mu. Da mun yi shiru sai dakan ya tsaya.

Ni fa da wayona na kasuwa sai na fassara abin. Na ce ramuwa ce. Na ce matar nan tana buga mana ganga ne don sauran gidaje su san Zeinabu da mijinta sun fara. Na ce wa babanki: "Ka ji ta? Kiɗa take mana." Ya ce: "Ƙila dai hatsi gare ta da yawa." Na ce: "Wane hatsi? Mutum uku ne a gidan."

Na kira maso da kaina, ban shawarci kowa ba. Kwana uku ya yi a kan tsani yana jera birgi, tubali bisa tubali, har ya manne da tol, ya shafe da sima, ko zare ba zai wuce ba. Ranar da ya gama na tsaya a ƙofa ina karkaɗe zane kamar wadda ta ci yaƙi. Ya Falmata ta fito za ta ba awakinta abinci, da ƙwarya a hannu. Ta tsaya ta ɗaga kai ta dubi aikin.

Ta ce: "Ya yi kyau. Maso ɗin ya iya."

Na ce: "Ai dole. Yanzu sai ki huta da daka."

Ta ce: "Zan huta kam. Awakina ne za su rame." Ta miƙo mini ƙwaryar. Ƙwallon dabino ne dakakke, irin wanda ake ba dabbobi. Ta ce: "Ƙanwata, kin taɓa ganin fura ta fito daga dakan nan? A garinmu gidaje a manne suke. In miji da mata suka fara, ta kusa takan ɗauki taɓarya, don kada ta ji, don kada wani ya ji, don su ma kada su ji juna sosai. Uwata ta yi wa wasu, wasu sun yi mata. Na ɗauka kin sani."

Na tsaya da zane a hannu. Ni da nake gane ƙaryar dillali tun kafin ya gama sallama, shekara guda ana rufa mini asiri da taɓarya ina cewa kiɗa ne. Ban ce mata ki yafe ni ba. Na ce: "Af, to." Kin ji abin da innarki ta iya faɗa. Af, to.

Bangon ya yi aikinsa. Iska ta daina ratsawa, ɗakin ya zama tanda, hasken da ke zuwa ta tagar gabas ya yanke, sai mun kunna fitila da rana. Waɗannan duk da sauƙi. Abin da ban yi tsammani ba shi ne bakina. Ashe duk faɗan da muke yi a da, muna yin sa ne da sanin akwai kunne. Akwai kalmomin da ke zuwa har bakin haƙori, sai in tuna Ya Falmata, in haɗiye. Da bango ya kai sama sai ba abin da ke tare su.

Wata Juma'a ce, babanki yana shirin masallaci. Ya sa farar rigarsa da wando sabo, ya ce mini wai ina daɗewa a rumfa, yayyenki suna dawowa daga lakkwal ba kowa a gida. Gaskiya ya faɗa. Na mayar, ya mayar. Na jira in ji dum, ban ji ba. Sai na ji bakina yana cewa: "In rumfar ta dame ka, ka tuɓe wandon da ke jikinka, don dabino ne ya saye shi."

Shiru. Irin shirun da na biya maso ya gina mini.

Ya juya. Ya shiga ya sauya kaya, ya sa tsohuwar rigar aikinsa mai tabon gawayi, da ita ya tafi masallacin Juma'a. Sabbin ya ninke ya ajiye a kan tabarmata. Washegari ya hau kamiyo zuwa Arlit neman aiki. Wata bakwai. Bai sake ni ba, bai yi fushi a gaban kowa ba, yana aiko da saƙon gaisuwa ga yara. Ni kuma ina cikin tandata, ba mai jin ko tarina.

Ya dawo, Allah ya sa, kuma bayan dawowarsa aka haife ki. Har yau bai taɓa tayar da maganar ba. Amma ke da kanki kin sha tambayata me ya sa Baba ba ya sa kayan da na saya masa, ko na Salla ne, sai ya ce an gode ya ba wani. Nakan ce miki tsiyar tsofaffi ce. Ba ita ba ce. Shekara ashirin da bakwai ke nan, ban ƙara ganin zaren da na saya a jikinsa ba. Muna zaune lafiya, muna dariya, kin gani da idonki. Amma wannan ƙofar ta rufe, kuma ni na rufe ta.

Na sa an cire layi huɗu na birgin tun kafin ya dawo. Sai dai lokacin Ya Falmata sun riga sun koma Fachi, wani mai gyaran radiyo ne ya shiga ɗakin, shi kuwa ko rufin ya faɗo ba zai ɗaga kai ba. Na yi shekaru ina aika mata sabulu da sukari ta hannun mutanen ayari, tana aiko mini da dabino mai kyau, irin wanda ba a kai shi kasuwa. Magana dai ba ta taɓa shiga tsakani ba, har aka zo aka ce mini ta rasu. Allah ya jiƙanta. In kin yi wa mutum laifi, ki faɗa masa da baki tun yana kusa. Sabulu ba ya faɗar komai.

Kada ki ɗauka ina cewa zama a buɗe daɗi ne. Ba daɗi. Za ki ji tari, za ki ji kukan jariri, za ki ji radiyon da ba ke kika zaɓi tasharsa ba, za ki san ranar da suka soya albasa. Amarya kuma tana da abin da ba ta son a ji, ni ma na yi amarci, ba daga sama na faɗo da jikoki ba. Ɗakinku na sama yana da rufinsa da ƙofarsa, ki sa labule mai kauri a gilashin nan, magana ta ƙare. Ban kuma ce maƙwabciyarki za ta zama Ya Falmata ba. Gyaran murya ɗaya kawai na ji, ba a sayen buhu da dabino ɗaya na sama. Ƙila ta fito irina. Abin da nake cewa shi ne ba ki sani ba tukuna, kuma in kika shiga da maso a gaba, kin gaya mata abin da kika ɗauke ta tun ba ku gaisa ba. Bango yana hawa a kwana uku. Saukowarsa ce ke da wuya, ko an cire birgin.

Sannan ke ɗiyata ce. Na san bakinki, don nawa ne. Yayyenki sun ɗauko babanku, ke kika ɗauko ni, har yadda kike ɗaga gira kafin ki harba. Mace irinmu tana bukatar ta san akwai mai ji.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na zaɓi takarda, don in kina karantawa ina nesa da ke.

Mijinki bai saɓa alkawari ba. Ranar da na je, na tarar da birgi a jibge a bayan babbar ƙofa, da buhunan sima, maso zai fara washegari. Shi ma yana nan, ya gan ni ya durƙusa har ƙasa, ya rasa inda zai sa idonsa. Na ajiye kunyar surukuta a waje tare da takalmina, na ce masa ya dakata da ginin.

Ya ce: "Inna, na yi mata alkawari."

Na ce: "Na sani. Ka ba ni kwana goma."

Ya ce: "In ta tambaye ni fa?"

Na ce: "Ka ce ta yi haƙuri. Kada ka ambace ni."

Ya ce: "Inna, za ta cinye ni."

Na ce: "Za ta fara. Ba ta gamawa, na san ta."

To kin ji. Duk abin da kika zuba masa a salula kwanakin nan, nawa ne ya ɗauka, kuma bai buɗe baki ya ce Inna ce ba. Ni na sa shi tsakanin alkawarin matarsa da maganar surukarsa, kuma wannan ma kuskure ne, sabo fil, na wannan watan, ki haɗa da sauran. Da na zo miki kai tsaye da ya fi. Amma tsohuwar ƴar kasuwa ba ta iya bin ƙofar gaba in akwai ta baya. Fushin nawa ne, ki kawo mini shi nan gida, ina da wurin ajiye shi. Shi kuwa ki kira shi yau, kada ki bari sai gobe.

Birgin yana nan, na sa an rufe simar da leda. Ba na ce kada a gina ba. Gidanki ne. Roƙona ki shiga ranar Alhamis yadda yake, ki zauna har damina ta wuce, ki san wace ce a bayan bangon, ita ma ta san ki. In bayan haka kin ce a ɗaga, ni zan kai wa maso shayi da hannuna, ba kuma za ki ji "ai na faɗa miki" daga bakina ba. In kuwa kin ce a'a, sai an gina za ki tare, ki aiko mini kafin Talata da yamma in sallami masu girki, in kuma san abin da zan gaya wa dangin babanki. Zan tsaya a gabansu in ce laifina ne, don laifina ne.

Allah ya sa ki shiga da ƙafar dama. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe da wuta, da sharrin bakin mutane, da sharrin naki bakin. Ya sanya sanyi a ƙarƙashin tol ɗin nan, ya haɗa ki da maƙwabta masu rufa asiri, ya sa ke ma ki zama mai rufawa. Allah ya yi miki albarka, ke da mijinki, ya kawo ki lafiya.

Shofer ɗin motar Tchirozérine yana tashi bayan azahar, bari in rufe in kai masa da kaina.

Innarki,
Zeinabu mai dabino